Ƙahon da Sista Ta Kawo

Ranar Lahadi ce, albasa ta isa cira, rabin mutanen Wurno suna fadama. Sista Magdalene ta dawo daga coci wajen sha ɗaya da rabi ta tarar an ɓalle ƙofarta ta baya, Inna Laraba tana kwance a tsakar gida cikin rana, jini ya bushe mata a goshi. A bangon falo kuwa ƙusa kaɗai ta rage a inda ƙahon yake rataye.

Babu wanda bai san zancen ƙahon nan ba a garin. Sista ungozoma ce, 'yar kudancin Kaduna, ta yi shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa a Wurno. Da ta ajiye aiki, ɗanta Ephraim da ke zaune a Kenya ya ɗauke ta yawon hutu zuwa dajin da ake kallon namun daji, don ta ga karkanda da idonta, dabbar da tun tana firamare take kallo a littafi. Ta dawo da hotuna da wani baƙin ƙaho mai tsawon kamu guda, ta rataye shi a bango. Duk wanda ya tambaya sai ta ce masa itace ne, sassaƙa ce irin ta tsaraba. Ba wanda ya yarda, kowa ya ce ƙahon karkanda ne. Aka ce ai dole ta faɗi haka, tunda hukuma ta hana fitowa da shi. Kafin wata ya zagayo, a bakin mutane ƙahon ya riga ya warkar da ciwon sukari da farfaɗiya da sammu.

Inna Laraba tsohuwa ce da ba ta da kowa, idanunta sun yi yana, Sista ta ɗauke ta suna zaune tare shekara tara. Da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, abu ɗaya ta iya faɗa: wanda ya ture ta yana warin fetur. Alhaji Abdulƙadiri, shugaban manoman rani, shi ya kawo motarsa aka sa ta, ya kai ta asibitin birni da kansa.

Motar ba ta gama fita gari ba aka kama Lauwali ɗan kabu-kabu. Shi ke kai Sista coci duk Lahadi, sawun mashin ɗinsa yana ƙofar gida, kuma wa zai fi ɗan kabu-kabu warin fetur? A gindin darbejiyar tasha aka tare shi. Kafin Magajin unguwa ya aiko a ƙwace shi, an karya masa hannu an zubar masa da haƙori biyu.

Sai bayan an yi wannan aka tuna akwai mai bin sawu.

*

Baba Mode ya iso daga Rimawa bayan la'asar. Maharbi ne tun yana saurayi, har lokacin da aka datse gulbi a Goronyo ruwa ya cinye dajin da yake farauta. Tun daga nan ya koma bin sawun shanun sata da injin ban-ruwa da aka ɗauke. Ya haura sittin, ba ya son surutu, kuma idan ransa ya ɓaci ba ya ɓoyewa.

Ya tsaya a bakin ƙofar Sista ya dubi tsakar gidan. Sawu kan sawu, na manya da na yara, har da na akuya.

"Kun tattake gidan kamar garken shanu, sa'annan kunka tuna da ni," ya ce da 'yan kallon da suka biyo shi. "Duk wanda yab biyo ni bayan gidan ga, da shi za ni fara."

Suka tsaya. Ya zagaya shi kaɗai.

Bayan gidan wata siririyar hanya ce tsakanin katanga da fangalin albasa, ba wanda ya bi ta. Nan ya samu abin da yake nema: sawun dogon takalmin roba, irin wanda kowane manomin rani yake sawa. Ya shiga, ya fito. Mode ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ƙafar dama tana taka ƙasa sosai, amma ta hagu diddige kawai take dannawa, gabanta da kyar yake taɓa ƙura. Mai takalmin yana lallaɓa ƙafar nan.

Ya bi sawun ta cikin gonaki har bakin babbar hanyar ruwa ta siminti wadda ke shayar da fadama. Nan ya ɓace. Mutumin ya shiga ruwa. Ko gabas ya yi ko yamma, ruwa bai faɗa ba, rana kuma ta kusa faɗuwa.

A kan hanyarsa ta komowa ya biya ta tasha, ya tsaya a gindin darbejiya yana kallon ƙasa har masu shayi suka fara tambayar juna abin da ya yar.

*

A zauren Magaji aka ajiye Lauwali, wai don kada a ƙarasa shi. Yana zaune a kan tabarma, hannu a ɗaure da tsinke da tsumma, fuska ta kumbura har ido ɗaya ya rufe.

"Ina kat tafi bayan ka aje Sista coci?" Mode ya tambaye shi.

"Rabah, Baba. Wata mata na kai gidan suna. Mutum hamsin sun gan ni."

"Ka faɗa masu?"

"Wa yat tambaye ni? Na buɗe baki anka sa min sanda." Ya gyara karyayyen hannun. "Laifina guda na. Ni na ɗauko akwatinta daga tasha ran da tad dawo, ni na fara ganin ƙahon, ni na kai zancen majalisa. Na ƙara gishiri ma. Amma Inna Laraba? Ita ka ajiye min ƙanzo duk safe. In ture ta?"

"Tashi ka taka min daga nan zuwa ƙofa."

Lauwali ya tashi yana cije baki, ya taka. Duk da dukan da ya sha, ƙafafunsa biyu daidai suke sauka. Kuma ƙafa ce kamar faranti, ba za ta shiga takalmin nan ba ko da an shafa mata mai.

Mode ya juya wajen Magaji. "Ranka shi daɗe, wanga yaro bai shiga gidan nan ba."

Magaji ya gyara rawani. "To, Mode, mun ji. Amma mutane sun fusata. A bar shi nan har a samu wani."

"Har a samu wani da za a karya, ke nan."

Magaji ya yi kamar bai ji ba.

*

Da safe Mode ya koma wurin Sista. Ta kwana a asibiti, ta dawo ɗaukar kaya. An ce ƙugun Inna Laraba ya karye, kuma a shekarunta ba lallai ta sake takawa ba. Sista tana ninke zannuwa tana jefa su a jaka kamar su suka yi mata laifi.

"Su wa sunka zo neman ƙahon?" ya tambaya.

"Ka ce su wa ba su zo ba. Malamai, 'yan kasuwa, matan da na karɓi haihuwarsu da na uwayensu. Wannan ya ce a kankaro masa kaɗan, wancan ya ce a jiƙa masa a ruwa. Na ce itace ne, sai su yi murmushi su ce, 'Mun gane, Sista.' Me suka gane?"

Ta janyo wani hoto daga kan tebur ta miƙa masa. Wata ƙatuwar dabba ce mai launin toka, kamar an gina ta da laka, ɗanta yana manne da cikinta. Can gefe wani mutum yana tsaye da bindiga.

"Kwana uku muna yawo a buɗaɗɗiyar mota kafin mu gan ta. Da direba ya kashe inji ya nuna da hannu, Baba Mode, kuka na yi. Ta ɗago kai ta dube mu, ta ci gaba da cin ciyawarta. Ka ga wancan mai bindigar? Dare da rana yana bayanta, saboda mutane suna kashe su don ƙahon. Wasu ma an yanke musu ƙahon da gangan don a bar su da rai. Kuma mai yi mana bayani ya ce ƙahon nan da farcenka abu ɗaya ne. Wanda ya ci shi, farce ya ci. Duk na faɗa wa mutanen garin nan. Labarin dabbar bai dame su ba, ko hoton ba su tsaya kallo ba. Idonsu yana bango."

Mode ya riƙe hoton ya daɗe. Ya tuna barewa da gada da suka cika dajin Rimawa yana yaro, ya tuna nawa ne suka faɗi a hannunsa. Ya mayar mata da hoton.

"Cikin masu zuwa, akwai mai ɗingishi?"

Ta ɗan yi tunani. "Atiku mai magani, na Gandi. Ya zo ranar Juma'a, har ya sauke shi daga bango ya jujjuya."

*

Ya samu Atiku a rumfarsa a kasuwar Gandi, cikin ƙulle-ƙullen sassaƙe da fatun da suka bushe. Mode bai yi sallama nan da nan ba. Ya tsaya nesa har sai da Atiku ya tashi ɗebo ruwa. Ɗingishin na ƙafar dama ne, shan inna tun yarinta, kuma da kan yatsu yake takawa, diddigen ba ya taɓa ƙasa. Akasin abin da ke bayan gidan Sista.

Duk da haka ya zauna, suka gaisa.

"Na san abin da yak kawo ka," in ji Atiku. "An ce ni na. Jiya anka ce ɗan kabu-kabu, yau mai magani, gobe sai Bafillacen da yab biya da shanu. To ka ji: na riƙa abin nan da hannuna, na shinshina shi. Icce na, an shafa mai baƙin fenti. Na yi dariya na mayar mata. Shekara arba'in ina sana'ar ga, ban san ƙaho ba?"

"Ka faɗa ma mutane?"

"Na faɗa. Sunka ce ina son in rage mai daraja don in saye da arha." Ya tofar da yawu gefe. "Amma in ba ka shawara. Wanda yas sace shi ba ya haƙuri shi kai gida. Duk Wurno an san gwajin, don ni na koya masu da sunka dame ni: ka kankari kaɗan ka sa ga wuta. In ƙaho na, warin ƙonannen gashi za shi yi. In icce na, hayaƙi kawai. Ka nemi inda anka hura wuta ba don dahuwa ba."

Mode ya tashi tun bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

*

Washegari tun da hantsi yana bakin hanyar ruwa. Ya bi gefen yamma har inda gonaki suka ƙare, bai ga komai ba. Ya dawo ya bi gabas. Rana ta take sosai lokacin da ya hangi wani ɗan baƙin tabo a bayan wata rumfar ajiye albasa da ba a fara amfani da ita ba bana.

Toka ce, ba ta fi tafin hannu ba, da tsinken ashana uku. Kusa da ita ga 'yan ɓarɓashin itace, baƙi a waje fari a ciki. Ya leƙa cikin ciyawar kwata, ga ƙahon an wurga shi, an sassare gefensa da wuƙa, farin itacen yana haske.

Amma ba wannan ya tsayar da shi ba. A bakin simintin, inda ruwa ke tsiyaya ya jiƙa laka, mutumin ya zauna ya cire takalmin hagu don ya zubar da ruwan da ya shiga. Ya dafa ƙafar a laka sau ɗaya tak, rana ta busar da sawun ta ajiye shi kamar an zana. Ƙafa ce ta babban mutum mai jiki. Yatsunta uku. Ƙananan biyun babu su.

Taku biyu daga nan, a kan ƙaya, wani jiƙaƙƙen bandeji ya maƙale, da tabon shuɗin maganin ciwo a jikinsa. Mode ya ɗauke shi da tsinke ya sa a aljihu. Ya kifa wani fasasshen kwano a kan sawun, ya ɗora dutse.

Daga rumfar sawun takalmi ya hau turbar motoci, inda ɗaruruwan ƙafafu suka bi tun ranar Lahadi. Nan ƙasa ta daina magana.

*

Sista ta dubi bandejin, ta dubi ƙullin da ke bakinsa, sai ta nemi kujera ta zauna.

"Ɗaurina ne," ta ce. "Ba mai yin ƙullin nan sai ni."

"To wa kinka ɗaure ma?"

Ta ture bandejin gefe.

"Na san shi. Amma abin da mutum ya buɗe mini a ɗakin nan ya ce in rufa masa, ban taɓa fitar da shi ba. Shekara talatin da ɗaya. Ba zan fara yau ba."

Ran Mode ya ɓaci. "Sista, Inna Laraba na kwance da karyayyen ƙugu. Lauwali na kulle kamar ɓarawon akuya. Ke kuma kina riƙe da sunan ga bakinki?"

"Kana tsammani ba ya ƙona ni?" in ji ta. "Da hannun nan na wanke ƙafar nan ranar Asabar. Amma in na faɗi nasa yau, gobe wace mace za ta shigo ta faɗa mini abin da ba ta iya faɗa wa mijinta ba? Kai ne mai bin sawu. Ka bi." Ta share ido da bakin zane. "Abu ɗaya zan ce maka. Ka yi sauri. Ƙafar nan in ta shiga ruwan fadama ta yi kwana uku ba a duba ba, ba a ƙafa abin zai tsaya ba."

Mode ya fita bai yi mata sallama ba. A hanya fushin ya ɗan sauka, ya fara lissafin abin da ta ba shi ba tare da ta sani ba. Mutum ne da ke ɓoye ciwonsa, har gari bai san ya rasa yatsu ba. Mutumin da ba a taɓa ganin ƙafarsa a waje ba. Manomin rani, mai taɓa inji da fetur. Ya wuce gidan Magaji kai tsaye.

*

Magaji ya yarda a tara mutane bayan la'asar a ƙofar gidansa, kusa da masallaci. Aka kira masu gonaki biyar da ke kusa da rumfar albasar, aka kira Atiku daga Gandi, aka fito da Lauwali. Gari ya taru. Sista ta zo ta tsaya can gefe wajen mata. Dattawa suka zauna a kujeru gefen Magaji, cikinsu har da Alhaji Abdulƙadiri, da babbar riga da takalmi sau-ciki da safa kamar kullum.

Kafin a kira salla, an ga Baba Mode da tsintsiya yana share filin da ke tsakanin masallaci da ƙofar Magaji. Aka ɗauka neman lada yake.

Da aka idar, ya sa aka zuba yashi aka jiƙa shi. Ya ajiye ƙahon a ƙasa, farin gefen yana sama.

"Ga abin da anka karya tsohuwa sabili da shi," ya ce. "Ku matso ku gani. Icce na. Ko tuwo ba ya dafawa."

Ba wanda ya matso.

Ya faɗi abin da ya gani a bakin ruwa, sannan ya sa mutum bakwai ɗin suka cire takalma suka taka yashin ɗaya bayan ɗaya. Kowa yatsunsa biyar-biyar. Jama'a suka fara gunaguni. Wani daga baya ya ce tsohon ya rikice.

"Saura mutum guda," in ji Mode. "Yashin ga don ku na zuba shi. Ni nawa na riga na gani. Na share filin ga kafin salla, kowa yat taka shi da ya fito. Sawu guda na ka danna diddigen hagu shi ɗage gaba. Ga shi nan, ya taso daga ƙofar masallaci." Ya bi shi da sandarsa a hankali, taku bayan taku, mutane suna darewa, har sandar ta tsaya a gaban wata kujera. "Alhaji, a cire takalmi."

Magaji ya ɗaga hannu. "Mode, ka san da wa kaka magana? Shi fa yak kai ta asibiti."

"Na sani, ranka shi daɗe. Shi ya sa nike son in ga ƙafar."

Gumi yana tsiyaya daga ƙarƙashin hular Alhaji Abdulƙadiri, kuma ba na zafin rana ba ne, zazzaɓi ne. Ya dubi Magaji, ya dubi jama'a. Sannan ya sunkuya ya fara jan takalmin, ya kasa. Ƙafar ta kumbura ta cika shi. Sai da aka kawo wuƙa aka tsaga. Da safar ta fita, na kusa suka kau da kai saboda wari.

Bai jira a tambaye shi ba. Wajen Sista ya juya.

"Shekara biyu kina wanke min ƙafar ga da ciwon sukari yac ci. Yatsa yat tafi, na biyu yab bi shi. Likita yac ce in ba a yi sa'a ba sai an yanke. Ina kwance kina ɗaure ni, ina kallon maganin rataye ga bangonki. Na roƙe ki sau uku."

"Sau uku na ce maka itace ne."

"Na ɗauka rowa ta." Ya sunkuyar da kai. "Ban san tsohuwar na ciki ba. Ta riƙe min riga, na fizge. Ban yi niyya ba."

"Da ta faɗi fa?" Mode ya tambaya. "Niyyar mi kay yi da ka tsallake ta ka tafi hura wuta? Ran da anka tare yaron ga a tasha kuma, da ka dawo ka ji, mi ya riƙe bakinka kwana uku?"



Sista ta ratso maza ta zo ta tsuguna a gabansa. Ta kama ƙafar ta juya ta, ba da tausayi ba, ta danna sama da idon sawu ta ga inda baƙin ya kai. Ta miƙe.

"A sa shi a mota yanzu. In ya kwana a garin nan, gawa za ku kai." Ta dube shi ido cikin ido. "Ba don kai na duba ba. Aikina ne."

*

Da aka ɗauke shi, Magaji ya yi gyaran murya. Ya ce Allah ya tona gaskiya, Lauwali ya yi haƙuri, kuskure ne irin na jama'a, ba a san wanda ya yi ba cikin rububi, a yafe wa juna a tashi.

"An sani," in ji Mode.

Magaji ya dube shi.

"Na tsaya gindin darbejiyar nan ran Lahadi. Masu kallo sun yi zobe daga nesa, sawunsu bai motsa ba. Waɗanda sunka shiga tsakiya sunka turje ƙasa, su tara na. Bakwai daga cikinsu sun yi salla da mu yanzu, sun taka filin ga da takalman da sunka sa ran nan. Alhaji ko ba komi ciwo ya kore mai hankali. Su wanga mi ya kore nasu? Ko tambaya guda ba su yi mai ba."

"Mode, a bar zancen ga."

"Kun kira ni in bi sawu, ranka shi daɗe. Ba ku ce in bi na mutum guda in tsallake na tara ba." Ya nuna wani sawu mai tsaga a diddige. "Na fari, Abubakar."

Abubakar ɗan Magaji ne na cikinsa, yana tsaye a bayan kujerar uban. Magaji ya daɗe yana kallon ƙasa. Lauwali yana kallonsa da ido ɗayan da ke buɗe, gari duka yana kallonsa.

"Fito," Magaji ya ce, bai waiwaya ba.

Mode ya kira sauran shida. Biyun da ba su zo salla ba, 'yan uwansu suka faɗi sunansu tun ba a tambaya ba.

*

An yanke wa Alhaji Abdulƙadiri ƙafa daga ƙasan gwiwa, ya rayu. 'Yan sanda suka karɓi maganarsa da ta mutum taran. Hannun Lauwali ya ɗore a karkace, har yau ba ya iya riƙe mashin ya yi nisa, kuma bai ƙara amsa gaisuwar ko ɗaya cikin taran ba.

Inna Laraba ta dawo gida bayan wata biyu, a kan katifa a bayan mota. Ba ta sake takawa ba. Sista ke juya ta, ita ke mata wanka.

Ana nan sai dangin Alhaji suka haɗo dattawa su zo neman gafara, suka roƙi Baba Mode ya raka su, tunda tsohuwar tana jin maganarsa. Ya raka su, amma ya ce ba zai sa baki ba. Suka zauna a tsakar gidan suka yi ta jan ayoyi da nasiha a kan falalar yafiya. Tana kwance tana saurare har suka gama.

"Turewar na yafe," ta ce. "Tsoro na, kowa na jin tsoro. Amma ya bar ni cikin rana tun hantsi har rana ta take. Sa'annan yaz zo da mota, ya sa aka ɗora ni, muna tafiya shina waiwayowa shina ce min, 'Sannu Inna, Allah shi tona asirin wanda yay yi miki haka.' Ni kuma ina ce mai amin, ina sa mai albarka har birni." Ta juya fuskarta bango. "Ku ce mai shi maido min albarkata. Sa'annan mu yi zancen yafiya."

Dattawan suka dubi Mode, ko zai ce wani abu. Ya ɗauki sandarsa ya riga su fita.